Na Kai Yaya Asabe Masar, Na Dawo da Ita a Akwati

Tun da aka share makoki mata ba su bar ni na huta ba. A gidan biki, a wajen niƙa, har a gidan rasuwa inda aka kira ni aiki, sai wata ta matso ta ce, "Inna Kulu, wai yaya Masar ɗin take?" Wasu Masar ɗin suke son ji. Wasu kuwa abin da aka yi wa Yaya Asabe suke nufi, kunya ce ke hana su fitowa fili. Na gaji da gutsura wa kowace nata, ga shi nan gaba ɗaya yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu ta Hausawa a Gadarif, ƙasar Sudan. A hannun mahaifiyarmu na koya. Ruwa, garin ganyen magarya, kafur, farin yadi, iyakar kayan aikina ke nan. Wadda ta rasu da hantsi ba ta kai la'asar a waje. Haka na sani, na kuma ɗauka haka duk Musulmin duniya suke yi.

Yaya Asabe ita nake bi. Godogodo, kunun geron nan mai kauri, take sayarwa a bakin kasuwar hatsi, duk leburan da ke jiran motar gona sun san ta, sun kuma san bakinta. Bayan yankan riɗi cikinta ya fara kumbura, ƙafafu suka bi, idanu suka yi ɗorawa. Likita a Khartoum ya ce hanta ce, in da hali a kai ta Alƙahira. Ɗanta Usman, wanda ke tuƙa tarakta a gonakin Fashaga, ya ce a bi jirgin sama. Yaya ta ce, "Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga Katsina. Ni ba zan hau abin da ba ya taka ƙasa ba." Ba mai iya juya ta, sai muka kama hanyar ƙasa mu uku.

Daga Gadarif zuwa Khartoum ba wani labari, kowa ya san hanyar. Jirgin ƙasa na Halfa, garin kan iyaka da Masar, shi ne farkon wahala. Da muka wuce garuruwan bakin kogi muka shiga hamada, sai tashoshi suka daina suna, sai lamba. A ɗaya daga cikinsu jirgin ya tsaya tun hantsi har azahar, ba wanda ya ce mana ga dalili. Yaya tana haki, ni ina yi mata fifita da murfin kwano. Wata dattijuwa da ke zaune jikin taga ta miƙe ta ce, "Ki dawo da ita nan, ya fi iska." Sunanta Hajja Nafisa, 'yar Halfa ce amma a Alƙahira take zaune, tana ba marasa lafiya 'yan Sudan hayar ɗaki. Da ta ji muna magana da harshenmu ta ce, "Ku Fallata ne?" Haka 'yan Sudan ke kiran duk wanda asalinsa daga yamma yake. Yaya, da ƙyar take numfashi, ta ce, "Hausawa dai." Hajja Nafisa ta yi dariya, tun daga nan ta riƙe mu kamar danginta.

A Halfa kwana biyu muka yi muna jiran jirgin ruwa, a wata lokanda, wato masauki, da gadajenta ke jere a tsakar gida. Abinci kifi ne da safe, kifi da rana. Usman ya wuni yana yawo da fasfo daga wannan taga zuwa waccan, aka maido shi sau biyu saboda an rubuta sunan uwarsa daban a katin rigakafi. A jirgin ruwan kuwa ni ce na zama majinyaciya, na yi ta amai, Yaya tana riƙe mini kai tana yi mini tsiya.

A Aswan aka jera mu gaban kwastan. Wani mai gashin baki ya buɗe jakata, ya fara cin karo da ƙullin daddawa. Ya sunsuna, ya ja da baya, ya ce, "Ya Hajja, me ya mutu a nan?" Mutane suka kwashe da dariya. Ya ci gaba da tono har ƙasan jakar, sai ga shi ya zaro farin yadi a ninke, da ƙullin kafur, da garin magarya. Wallahi ba ni na sa su ba.

Usman ya juyo gare ni. "Inna, magani muka zo nema, ke kuma likkafani kika ɗauko wa uwata?"

Kafin na buɗe baki Yaya ta ce daga kan ƙullin kayan da take zaune, "Kai, rufe mini baki. Ni na sa. Yadin da na sayo a Makka ne, na tsoma shi a zamzam. Da a jakata na sa da ka gani tun a gida, ka ishe ni da kuka."

Ma'aikacin ya ninke yadin da hannu biyu ya mayar. Ya ce wa Yaya, "Sai bayan tsawon rai, ya Hajja." Bai ƙara taɓa kayanmu ba.

Washegari da safe a jirgin ƙasa na Alƙahira, Usman ya tafi neman shayi, sai Yaya ta kamo hannuna. Ta ce, "Kulu, abu biyu nake so. In ta Allah ta kasance, kada ki bar ni a ƙasar mutane, ki mayar da ni kusa da Innarmu. Na biyu, kada hannun kowa ya taɓa jikina sai naki." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, "Ki ce to." Na ce to. Ko kaɗan ban ga wata wahala a ciki ba.

Alƙahira ta ruɗa ni. Gidan Hajja Nafisa a hawa na biyar yake, Usman ne ya goya uwarsa har sama. Mutum yana zaune a kan mutum, ba tsakar gida, ba inda za ka zuba ruwa a ƙasa. Mata suna zuro kwando da igiya ta taga, mai kayan miya ya zuba musu, su ja. Larabcinsu kuma sauri gare shi kamar suna faɗa. Rana ta biyu Yaya ta ce tuwo take marmari. Na sauka kanti na ce a ba ni esh, don a wurinmu dawa ke nan. Mai kanti ya miƙo mini burodi. Na ce ba wannan ba, esh na niƙa. Ya kira maƙwabcinsa, suka tsaya suna kallona. Ashe su burodi ne esh. Da na kwatanta musu dawa sai ɗayan ya ce, "Abincin tattabaru take nufi." Na hau bene ina huci.

Aka kwantar da Yaya a asibiti, aka zuƙe mata ruwan ciki, ta samu sauƙi har tana zama. Ni nake jinyar safe, Usman ya karɓe ni da azahar. Wata rana Hajja Nafisa ta ce ba zan bar Masar ban ga komai ba sai bangon asibiti, ta ja ni gidan kayan tarihi. Na ga gumaka, na ga zinariya, ban damu ba. Sai muka shiga wani ɗaki mai sanyi inda kowa yake magana ƙasa-ƙasa. Akwatunan gilashi ne a jere, a cikin kowanne an kwantar da wani abu baƙi. Na zaci itace aka sassaƙa. Na matsa kusa, sai na ga farce. Na ga haƙora. Na ga gashi a kai, ja kamar an sa masa lalle.

Na ce, "Hajja, mene ne wannan?"

Ta ce, "Sarakunansu ne na dā. Fir'aunoni."

"Hotonsu?"

"Su ɗin da kansu."

Ni da na rufe fuskokin matattun da ban san iyakarsu ba, ga mamaci fuska a buɗe, Turawa da 'yan makaranta suna zagaya shi. Ban san sanda na warware gefen tob ɗina, mayafin nan namu, na shimfiɗa a kan gilashin ba. Mai gadi ya taho da sauri yana faɗa, Hajja Nafisa tana ba shi haƙuri tana janye ni.

Wata malama ce ke yi wa ɗalibanta bayani a wurin, na tsaya a bayansu don in san wane laifi mutanen nan suka yi. Ashe ba laifi, gata ne. Ta ce tun farko a rairayi mai zafi suke binne mutum, rairayin ya busar da shi bai ruɓe ba. Da suka fara gina wa manya kabari na dutse sai gawa ta riƙa lalacewa, su kuma sun yi imani rai zai dawo ya nemi jikinsa, in bai same shi ba ya ɓata. Shi ne suka koyi busarwa da hannu. Sai su zura ƙugiya ta hanci su fitar da ƙwaƙwalwa. Su tsaga gefen hagu na ciki su kwashe hanta da huhu da tumbi da hanji, kowanne da tulunsa. Zuciya kaɗai suke bari, wai za a auna ta a lahira. Daga nan su binne jikin a cikin wani gishiri kwana arba'in, har ya bushe ƙayau, su shafe shi da mai da ƙaro, su naɗe da yadi. Aikin duka kwana saba'in.

Na tambayi Hajja Nafisa wane irin gishiri ne. Ta ce, "Atrun mana." Kanwa! Kanwar da nake jefa wa wake.

Da na ba Yaya labari washegari ta yi dariya har cikinta ya yi ciwo. Ta ce, "Wato kilishi suka yi da sarkinsu." Ni kuwa na ce, "Allah Ya raba Musulmi da wannan wulaƙanci."

Bayan kwana uku, da hantsi, ina ba ta ruwa a cokali, ta yi aman jini. Kafin likita ya iso na ga alamar da na sani. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada a kunne, ta motsa leɓe, shi ke nan. Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa da gefen ɗankwalina. Ina cikin neman inda zan samu ruwan ɗumi sai ga ma'aikata da gado mai taya. Suka gangara da ita ƙasan bene, suka jawo wani aljihun ƙarfe daga bango, sanyi yana fita kamar hayaƙi, suka tura ta ciki suka rufe, suka ɗaura lamba. Ina tsaye. Azahar ta yi, la'asar ta yi, yayata tana cikin firji.

Usman ya dawo daga ofis ya ce, "Inna, sun ce jirgi ba ya ɗaukar gawa sai da takardar tahniɗi." Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ga kafur ɗina a jaka. Na ɗauka hanuɗi suke nufi, ƙamshin nan da muke shafa wa mamaci a goshi da tafin hannu da gwiwoyi. Aka kai mu wurin mai aikin, wani tsoho siriri mai farar riga, ana ce masa Ammu Sabri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kalmar tushensu ɗaya, ya Hajja, amma aikin ba ɗaya ba ne." Ya ce zai ɗan tsaga gindin wuya ya nemo jijiya biyu. Ta ɗaya zai tura ruwan magani, ta ɗayar jini ya fita, har maganin ya maye gurbin jinin a duk jiki. Sannan ya soka doguwar allura a ciki ya zuƙe ruwan da ke nan, ya zuba magani. In ba haka ba, a zafin ƙasarmu, ba za ta kai gida yadda za a iya kusantarta ba.

Na ce, "Irin abin da kuka yi wa sarakunanku?"

Ya ce, "A'a. Su busarwa suke yi don mutum ya dawwama. Ni kwanaki kawai nake saya miki, ba na cire komai sai jini da ruwa. Ƙasa za ta ci abinta, sai dai ta ɗan jira." Ya ce wannan hanyar ma ba daga kakanninsa ta zo ba. Likitocin Turai ne suka fara ɗura magani ta jijiya don su adana jikin da suke koyon aiki da shi. Abin ya yaɗu ne a wani yaƙi da Amurkawa suka yi tsakaninsu, samari suna mutuwa nesa da gida, iyaye suna son a kawo musu 'ya'yansu a jirgin ƙasa. Ya ce, "A can har yau kusan kowa ana yi masa, a shafa masa hoda, a sa masa kwat, mutane su zo kallo. Mu nan sai matafiyi."

Na ce, "Ba mace mai yin aikin?"

Ya ce, "A nan babu."

Na fito na ce wa Usman a binne ta a nan, Allah Ya san na kasa. Hajja Nafisa ta ce kafin mu yanke mu je mu ga inda ake sa baƙi. Washegari da safe ta kai mu. Maƙabartar gari ce guda, da tituna, da ƙofofi, har da mutane zaune a ciki suna girki, shanya a kan kabari. Mai gadin wurin ya nuna mana wasu faffaɗan duwatsu a ƙasa. Ya ce in an ɗaga su akwai matakala, a ƙasa ɗaki biyu ne, na maza da na mata. Ana kwantar da mamaci a kan rairayi kusa da wanda ya riga shi, a rufe. In wani ya zo a sake buɗewa. In wuri ya cika a tattara ƙasusuwan dā gefe guda.

Na ce, "Ba a zuba mata ƙasa?"

Ya ce, "Ɗaki ne, ya Hajja. Mai tsabta."

Na zauna a kan wani dakali. Nan ɗaki da baƙi, ana buɗe ta ana rufewa. Can wuƙa da hannun namiji. Abu biyun da na ce wa to, ashe ɗaya ba ya yiwuwa sai an karya ɗaya. Usman ya ce ya tambayi limamin masallacin kusa da asibiti, ya ce masa binne mutum inda ya rasu ya fi, amma bai ce ɗaukar haramun ba ce in da larura. Na ce, "Kai me ka gani? Uwarka ce." Ya ce, "Inna, ke ta bar wa magana." Ya juya baya yana share ido.

Na koma wurin Ammu Sabri na ce na yarda, amma da sharaɗi: ina ciki daga farko har ƙarshe, ni zan tuɓe ta, ni zan rufe ta, ni zan riƙe. Ya ce doka ba ta bari. Na ce to ba za a yi ba. Ya dube ni ya ce, "Za ki faɗi." Na ce, "Aikina ne tun kafin gashina ya yi fari." Sai ya miƙo mini safar hannu da ƙyallen rufe hanci.

Tebur ɗin na ƙarfe ne, da magudana a gefe. Na sa shi ya juya baya, na lulluɓe Yaya da tob ɗina tun daga kai har ƙafa, na buɗe wuri kamar faɗin tafin hannu a gindin wuya. Iyakar abin da ya gani ke nan. Ya ce bismillah, ya tsaga. Ban faɗi ba, amma na ji wuƙar a nawa wuyan. Ya sa siririn tiyo, ya kunna wani inji mai tulun gilashi cike da ruwa ja-ja. Injin ya fara bugawa a hankali. Sai na ga jinin yayata, baƙi, yana bin magudana yana sauka.

Na ce, "Ina yake zuwa?"

Ya ci gaba da aikinsa, na kuwa gane. Jinin da muka haɗa uwa ɗaya uba ɗaya ya bi ruwan ƙazantar Alƙahira. Duk abin da zan kai Gadarif, wannan kam na bar shi a ƙasar mutane.

Ya ce dole a murza hannuwa da ƙafafu don maganin ya ratsa. Ya ce, "Wannan naki ne." Na zura hannu ƙarƙashin mayafin ina murzawa, ina jin jijiyoyinta suna cika a ƙarƙashin yatsuna kamar mai rai. Warin maganin yana yanka ido da maƙogwaro. Da na leƙa fuskarta sai na ja da baya na yi salati. Ramar ciwo ta tafi, kumatu sun ciko, leɓe ya yi ja. Yaya ce ta shekara goma baya. Ammu Sabri ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Launi ne muke sawa a ruwan. Kada ki tsorata." Doguwar allurar ciki kuwa ba zan ba da labarinta ba. Na buɗe masa wurin, na kau da kai, ina jin ƙararta.

Da ya ɗinke ya wanke hannu ya ce, "Ɗakin naki ne," ya fita ya ja ƙofa. Hajja Nafisa ta shigo tana zuba mini ruwa. Na yi wa Yaya wanka irin namu, da magarya, na ƙarshe da kafur, na sa ta a yadinta na Makka. Aka kwantar da ita a akwatin katako mai cikin kwano, wani ya zo da wuta da dalma ya like bakin kwanon ko'ina, aka buga ƙusa, aka buga hatimi.

Kwana biyu Usman yana yawon takardu tsakanin ofishin lafiya da ofishin jakadanci. A filin jirgi aka ɗora akwatin a sikeli, aka manna masa takarda, aka tura shi da sauran kaya. Hajja Nafisa ta rungume ni ta ce in yafe mata kai ni gidan tarihin nan. Ranar na fara hawa jirgin sama, ina sama a kujera ana miƙo mini shayi, wadda ta rantse ba za ta hau ba tana ƙarƙashin ƙafafuna.

A Khartoum muka samu bakasi, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Na ƙi shiga gaba, na zauna kusa da akwatin. A Fau direba ya tsaya zuba ruwa, na sauka yin alwala. Ina dawowa na tarar da wani lebura ya hau ya zauna a kan akwatin yana cin gyaɗa, yana jiran a rage masa hanya. Ya ce, "Hajja, injin ban ruwa ne?" Da Usman ya gaya masa, ya diro ya zubar da gyaɗar, ya bi motar da gudu yana neman gafara har muka hau kwalta.

Mun iso Gadarif ana kiran la'asar, kwana biyar da rasuwa. Unguwa ta cika. Liman ya ce ba za a binne ta a akwati ba, a fito da ita a sa ta a lahadu, ramin cikin kabari, kamar kowa. Aka kira makeri daga kasuwa ya yanke kwanon, maza suka fita, aka bar mu mata a ɗaki. Da aka ɗaga murfin warin ya bugi kowa, har waɗanda ba su yi niyyar kuka ba hawaye ya zubo musu. Muka ɗora ta a angarib, gadon igiya da muke kai mamaci da shi. Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinmu, tsohuwa tukuf, ta ce sai ta ga fuskar 'yarta. Na so in hana, ban iya ba. Na kwance kan likkafanin.

Gwaggo ta yi kabbara. Ta ce, "Kwana biyar! Ku zo ku gani, kamar yanzu ta kwanta. Wallahi Asabe 'yar Aljanna ce." Mata suka yi ta turereniya, kowace tana salati. Na sa hannu ta cikin yadin don in gyara mata hannun dama da ya goce a hanya. Ya ƙi motsi. Ba irin sandarewar da na sani ba ce, wadda ke saki in an murza. Tauri ne kamar na robar taya. Na bar shi yadda yake, na ɗaure.

Usman yana bakin ƙofa, ya ji abin da Gwaggo ta ce. Da na fito ya ce a hankali, "Inna, ki bar su." Na bar su ranar. Aka yi mata salla, aka sa ta kusa da Innarmu kafin magariba. Amma yanzu maganar ta kai har ƙauyuka, na ji wata ta je ta ɗebo ƙasar kabarin don ɗanta mai zazzaɓi. Ina roƙa wa Yaya Aljanna dare da rana, ta kuwa ciyar da mayunwata da yawa a bakin kasuwar nan. Sai dai abin da kuka gani a fuskarta launi ne daga tulun gilashi, a gabana aka zuba shi.

Duk kwanakin nan ban yi kuka ba, ko a asibiti, ko a jirgi, ko ranar binnewa. Bayan sati biyu aka aiko kirana, wata tsohuwa ta rasu a bayan masallaci, ba dangina ba ce, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na je da kayana. Jikinta da sauran ɗumi. Na ɗaga hannunta zan wanke, sai ya lanƙwashe a gwiwar hannu, yatsun suka faɗo cikin tafina, laushi kamar na mai barci. Na tsaya riƙe da shi. Mai zuba mini ruwa ta ce, "Inna Kulu, lafiya?" Na zauna a ƙasa jikin angarib ɗin, hannun matar nan a ƙirjina, na yi ta kuka har 'ya'yanta suka shigo suna ba ni haƙuri. Da na samu kaina na tashi na ƙarasa wankan. Kafin azahar an rufe ta.